Biyan Bashi da Zama da Abin da Ya Rage: Darasi Daga Gidan Gwauruwa

Wurin karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

Manufa: Iyalin Kirista su gane hanyar fita daga bashi cikin gaskiya, su kuma koyi zaman tsimi da zai hana su komawa cikinsa.

Gabatarwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana ba ta tsallake gidan mai bi ba. Ranar Lahadi ana ganin iyalai a majami'a cikin tsabta da fara'a, amma a cikinsu akwai maigidan da ya sake hanyar zuwa sujada domin kada ya bi ta ƙofar mai shago. Akwai uwargidan da ta daina zuwa zumuntar mata saboda ta kwashi adashi ta kasa zubi. Akwai kuma saurayin da gabansa ke faɗuwa duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa iyalai nauyi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuma cikin kwanaki kaɗan litar da ake saye ƙasa da N200 ta kai wajen N500. Kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi sahu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000 a Yuli 2024, amma tsada ta riga ta yi masa nisa. A Kudancin Kaduna kuwa, cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta bar manoma da yawa da gonaki ruɓaɓɓu, alhali kuɗin iri da na taki da suka ranta yana nan yana jiransu.

Saboda haka batun bashi ya cancanci a zauna a yi nazarinsa da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Wannan darasi zai bi labarin wata gwauruwa ta zamanin annabi Elisha, wadda Allah ya fitar daga bashi, aka kuma ba ta umarnin yadda za ta zauna bayan haka.

Labarin Gwauruwar

Mijin matar yana cikin ƙungiyar annabawa. Ita da bakinta ta shaida cewa shi mai tsoron Ubangiji ne, Elisha kuwa bai musa ba. Duk da haka ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana kan hanya domin ya kwashe 'ya'yanta biyu maza su yi masa bauta. A wancan zamani haka akan yi wa wanda ya kasa biya, ko da yake shari'ar Musa ta sa wa abin iyaka, ta kuma hana a wulakanta ɗan'uwa kamar bawan da aka saya (Littafin Firistoci 25:39-41). Matar ta rasa miji, ga shi tana gab da rasa waɗanda za su riƙe ta a tsufanta.

Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Ta ce ba kome sai ɗan tulun mai. Ya umarce ta ta aro tandaye da tuluna waɗanda ba kome a ciki daga dukan maƙwabtanta, kada ta aro kaɗan, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyayawa. Ta yi yadda aka ce. 'Ya'yan suna miƙo mata, ita tana zubawa, har aka rasa abin zubawa, sa'an nan man ya tsaya. Da ta koma ta faɗa wa annabin, sai ya ba ta umarni kashi uku: ta sayar da man, ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su yi zamansu da abin da ya rage.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, bashi ba kullum yake nuna zunubi ba. Ciwo, mutuwa, fari, gobara da rikici suna jefa masu aminci cikinsa. Wani bashin kuma kwaɗayi da son a gani ne suka haife shi. Ko ta wace ƙofa ya shigo, hanyar fita ɗaya ce, kuma labarin ya nuna matakanta guda biyar.

1. Ta Faɗi Gaskiyar Halin da Take Ciki

Matar ba ta ɓoye ba. Ta je wurin wanda zai iya ba ta shawara, ta faɗi abin da ke tafe ba tare da ragewa ba. Yawancin masu bashi a nan suke faɗuwa. Kunya takan sa maigida ya ɓoye wa matarsa, uwargida ta ɓoye wa mijinta, har ranar da mai bin bashi zai yi sallama a ƙofar gida. Akwai gwauraye da yawa da ba su san mazajensu suna da bashi ba sai ranar da aka gama biso, mutane suka fara zuwa da takardu.

Matakin farko shi ne miji da mata su zauna da takarda da biro, su rubuta kowane bashi: sunan mai shi, adadinsa, kuɗin ruwan da ke kansa, da ranar biya. A sa na mai shago, da na ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, da ragowar kuɗin makaranta, da na ɗan'uwan da ya yi shiru saboda kara. Mutane da yawa ba su taɓa haɗa jimlar abin da ake binsu ba, domin suna tsoron ganin lambar. Amma ciwon da ba a buɗe ba, ba a iya wanke shi.

Lissafin yakan tona abin da ruwa ke ci a ɓoye. A ɗauki misalin wanda ya karɓi N50,000 a kan ruwan Naira ashirin bisa kowace ɗari a wata. Kowane wata zai ba da N10,000. Cikin wata biyar ya ba da daidai abin da ya karɓa, cikin shekara guda ya ba da N120,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta ragu da ko kwabo ba. Karin Magana 22:7 ya kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ranta masa, kuma wannan lissafi ya nuna dalili. Haka yake ga manomin da ya karɓi taki a watan Yuni da sharaɗin biya da buhunan masara a kaka. Yakan ba da hatsinsa a lokacin da ya fi araha, ya dawo ya sayi irinsa da tsada a Yuli da Agusta, sau da yawa da wani sabon bashin.

2. An Tambaye Ta Abin da Ke Cikin Gidanta

Elisha bai aike ta fadar sarki ba, bai kuma aike ta wurin wani mai kuɗi ya ranta mata ta biya na farko ba. Ya mai da hankalinta ga abin da ke hannunta. Amsarta ta fara da cewa ba ta da kome, sai daga baya ta tuna da ɗan tulun. Damuwa takan rufe idon mutum har ya raina abin da yake da shi.

Kowane gida yana da ɗan tulunsa. A wani gidan keken ɗinki ne da ya yi shekara biyu a lulluɓe. A wani, fili ne a bayan gida da zai ba da alayyafo, kuɓewa da tumatir. A wani kuma hannu ne da ya iya tuyar ƙosai, ko kitso, ko gyaran babur, ko koyar da yara lissafi da yamma. Akwai kuma kayan da aka saya domin ado, waɗanda sayar da su zai rage bashi ba tare da an kwana da yunwa ba: waya ta biyu, tufafin da ke jibge a akwati, motar da ake ranto kuɗin manta. Sai dai a yi hattara da sayar da abin da ke kawo abinci. Wanda ya sayar da gonarsa ko shanun hudarsa ya biya bashi, ya toshe rami ɗaya ya haƙa wanda ya fi shi zurfi.

A lura kuma da irin aron da matar ta yi. Ta aro tuluna marasa kome, abin aiki, wanda za ta mayar yadda ta karɓa. Wannan ya bambanta da rancen da ake ci a biya wani rance. Masu ba da bashi ta manhajar waya sun sa wannan tarko ya yi sauƙin faɗawa: cikin minti kaɗan kuɗi ya shigo, bayan mako ɗaya ko biyu a fara barazana, har a aika wa dangi da abokan mutum saƙon cin mutunci. Abin ya yi muni har a 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas, ta kuma wajabta musu yin rajista. Iyalin da ke son fita dole su yanke shawara tun ranar farko cewa ba sabon bashi, ko da za a ci tuwo da miyar kuka mako bayan mako.

3. Ta Rufe Ƙofa, Ita da 'Ya'yanta

Aikin ya gudana a cikin ɗaki, kuma 'ya'yan suna da hannu a ciki. Su ne za a kwashe, su ne kuma suka yi ta miƙo tuluna. Biyan bashi aikin dukan gida ne. Idan maigida yana tsuke bakin aljihu uwargida tana karɓar anko, ko uwargida tana tsimi a madafa maigida yana zubar da kuɗi a wurin shan giya ko cacar ƙwallo, tulun ba zai taɓa cika ba.

Yaran da suka yi wayo ya kamata a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: gidan yana biyan bashi, saboda haka Kirsimetin bana ba sabon ɗinki, kuma za a daɗe ba a ga nama kullum ba. Yaron da aka yi wa bayani yakan haƙura, yakan kuma koyi abin da zai amfane shi a gidansa na gaba. Wanda aka ɓoye wa yakan ɗauka rowa ake yi masa.

Rufe ƙofa yana da wata ma'ana kuma. Yana raba iyali da idon jama'a. Babban abin da ke hana mutane biyan bashi shi ne tsoron abin da za a ce: za a ce sun talauce, za a ce sun cire yaro daga makarantar kuɗi, za a ce matar dattijo ta maimaita zane. Masu faɗin haka ba za su biya ko sisi daga cikin bashin ba. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

4. Ta Sayar, Ta Biya

Sa'ad da ɗakin ya cika da mai, matar ta zama mai dukiya a yini ɗaya. Tana iya cewa wahalar da ta sha ta isa, bari ta fara gyara ɗaki ta yi wa yara sutura. Umarnin annabin ya sa biyan bashi a gaba. Kuɗin da ya shigo hannun mai bashi, ko na amfanin gona ne, ko bashin albashi da aka biya, ko kuɗin sallama daga aiki, akwai haƙƙin wani a cikinsa. Zabura 37:21 ta lissafta cin bashi da ƙin biya cikin halayen mugu, Manzo Bulus kuma a Romawa 13:7-8 ya umarci masu bi su ba kowa haƙƙinsa.

Yaya za a tsara biyan idan masu bi da yawa ne, kuɗin kuwa kaɗan? Ga tsari mai amfani.

Na farko, haƙƙin talaka. Ladan wanda ya yi noma ko gini, kuɗin mai kayan miya, kuɗin gwauruwar da ta ba da rance daga jarinta. Waɗannan ba su da ruwa a kansu, amma masu su suna kwana da yunwa saboda jinkirin. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta hana a bar ladan matalauci ya kwana, Yakubu 5:4 kuma ya nuna cewa kukan irin waɗannan yana kaiwa kunnen Ubangiji.

Na biyu, bashin da ruwansa ya fi yawa, domin shi ne ke girma da dare. Duk abin da ya ragu bayan abinci da bukatun dole a tura masa har ya mutu, ana kuwa ba sauran ɗan abin da aka yi alkawari. Idan ya ƙare, kuɗin da ake ba shi a ɗora a kan na biye. Ta haka ƙarfin biya yana ƙaruwa wata bayan wata.

Na uku, mai bashi ya je da ƙafarsa. Kada ya jira a zo nemansa, kada ya kashe waya. Ya faɗi abin da zai iya bayarwa kowane wata, ya roƙi a tsayar da ruwa ko a rage, a rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu, a kuma rubuta kowane biya. Masu bin bashi da yawa sukan sassauta wa wanda ya zo da kansa, gama abin da ya fi ƙona musu rai shi ne gudu da ƙarya. Gara a yi alkawarin N5,000 a cika da a yi na N20,000 a saɓa.

Ga yawancin iyalai man ba zai ƙaru a yini ɗaya ba. Biyan zai ɗauki shekara ɗaya, ko biyu, ko fiye. Wannan bai nuna Allah ya yi nisa ba. Wanda ya ba gwauruwa mai a sa'a guda shi ne ke ba ma'aikaci lafiya da ƙarfin tashi kowace safiya har a biya kwabon ƙarshe. Sannu sannu kwana nesa.

5. Ta Zauna da Abin da Ya Rage

Kashi na uku na umarnin shi ne mafi tsawo, shi ne kuma aka fi mantawa. Mu'ujizar ta yini ɗaya ce. Zama da ragowar kuwa aikin shekaru ne. Man ya riga ya tsaya, ba a kuma yi mata alkawarin zai sāke gudana ba. Abin da ya rage dole a auna shi, a juya shi, a sa ya kai.

Tarihin ƙasar nan ya ba da misali. A Oktoba 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen ƙungiyar Paris Club sun yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18 daga cikin wajen biliyan 30 da suke binta, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12, ta kammala a Afrilu 2006. An yi murna ƙwarai. Amma zuwa ƙarshen 2023 bashin da ake bin ƙasar a waje ya haura dala biliyan 40. Abin da ya sami ƙasa yana samun gida. Idan ba a toshe ƙofar da bashi ya shigo ta ciki ba, zai dawo ta nan.

Saboda haka iyalin da suka gama biya su tambayi kansu abin da ya kai su ciki tun farko, su kuma kafa waɗannan halaye.

Su ci gaba da biya, amma ga kansu. Gidan da ya iya fitar da N25,000 kowane wata domin bashi ya riga ya tabbatar zai iya rayuwa ba tare da ita ba. Idan aka ci gaba da ajiye ta, cikin shekara guda an tara N300,000. Ita ce za ta tsaya ranar ciwo ko ranar da aka yi jinkirin albashi. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi (Farawa 41), shi ya sa shekarun yunwa ba su hallaka ƙasar ba. Da yake tsada tana cin darajar kuɗin da ke kwance, yana da kyau wani kashi na ajiyar ya zama hatsi, ko akuya, ko jarin ƙaramar sana'a.

Su yi shirin abin da ranarsa sananniya ce. Kuɗin makaranta ba baƙo ba ne: yana zuwa a Satumba, da Janairu, da wajen Afrilu. Taki yana da lokacinsa, kuɗin haya yana da watansa, Kirsimeti kuma ba ta taɓa sake rana ba. Idan kuɗin zango N90,000 ne, ajiye N22,500 kowane wata har tsawon wata huɗu zai biya shi ba tare da an je ƙofar kowa ba. Ubangiji Yesu ya yi zancen mai ginin da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi (Luka 14:28-30).

Su kiyaye rumbu. Manomi ya fara ware abincin shekara kafin ya kai ko mudu ɗaya kasuwa. Buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda ba sa barin iska ta shiga, suna tsare wake da masara daga ƙwari watanni da yawa ba tare da magani ba. A madafa kuma a auna abin da za a dafa. Bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage har kwando goma sha biyu (Yahaya 6:12-13). Wanda ke da ikon yawaita gurasa bai yarda a zubar da ragowarta ba.

Su sa wa biki da biso iyaka. A nan ne gidaje da yawa na masu bi suke karyewa. Akan ajiye gawa makonni a asibiti ana biya kullum domin a shirya babban taro, a yanka saniya, a ɗinka anko, a buga littafin tsarin sujada mai hotuna, sa'an nan baƙi su watse su bar gwauruwa da marayu da bashi. Haka kuma amarya da ango sukan shiga ɗakinsu da bashin da zai cinye shekarunsu biyu na farko. Girmama mamaci shi ne a kula da waɗanda ya bari. Albarkar aure kuma ba ta rataya ga yawan rumfunan da aka kafa ba.

Su guji tsaya wa wani a kan abin da ba za su iya biya ba. Karin Magana 6:1-5 da 22:26-27 sun yi kashedi mai ƙarfi a kan ɗaukar lamuni. Wanda ya sa hannu a takardar rancen wani ya sani cewa bashin nasa ne idan wancan ya gudu.

Su guji kuɗin sauri. MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, CBEX ta rushe a Afrilu 2025, kuma a duka biyun akwai waɗanda suka zuba kuɗin rance, da kuɗin makarantar yara. Duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, da kuɗin na baya yake biyan na gaba, har ranar da zai ɓace. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tsimi dabam yake da rowa. Marowaci yana hana iyalinsa abinci da magani domin ya ga kuɗi a tare. Mai tsimi yana hana kansa abin da ba dole ba domin iyalinsa su sami abin da ya zama dole, ya kuma sami abin taimakon wani. Tushensa shi ne wadar zuci, wadda Bulus ya ce shi ma koyonta ya yi, cikin ƙoshi da cikin rashi (Filibiyawa 4:11-12). Abin da ake koyo kuwa yana bukatar lokaci da maimaitawa.

Bashi da Bayarwa

Masu bi da yawa sukan tambaya ko mai bashi zai ci gaba da ba da zakka da baiko. Bayarwa sujada ce, kuma talauci bai hana gwauruwar da Yesu ya yaba wa a Haikali bayarwa ba (Markus 12:41-44). Mai bashi ya ci gaba da girmama Allah daga abin da yake samu. Amma 2 Korantiyawa 8:12 ta nuna cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Wanda ya tashi a taron gidauniya ya yi alkawarin kuɗin da zai ranto domin a tafa masa, alhali mai kayan miya tana binsa wata uku, bai girmama Allah ba. Ya ɓata sunan Ubangiji a bakin matar nan. Shugabanni ma su yi hattara kada su matsa wa mutane su yi alkawarin da ya fi ƙarfinsu.

Hakkin Ikilisiya

Ba don maƙwabta sun ba da tulunansu ba, da matar ba ta sami wurin zuba mai ba. A zamanin Nehemiya, yunwa da harajin sarki sun sa talakawa jinginar da gonakinsu da gidajensu ga 'yan'uwansu, har 'ya'yansu suka shiga bauta. Nehemiya ya tara manya ya tsauta musu, suka mayar da gonakin, suka daina karɓar ruwa (Nehemiya 5:1-13). Mai bin da ke ba ɗan'uwansa rance da ruwa mai nauyi a lokacin ciwo ko yunwa ya karanta wannan sura da kyau, tare da misalin bawan da aka yafe wa babban bashi ya shaƙe abokinsa a kan ƙarami (Matiyu 18:23-35).

Ikilisiya tana iya yin abubuwa a aikace. Majalisar dattawa tana iya tsayar da ƙa'idar biki da biso mai sauƙi, domin matalauci ya sami abin fakewa. Zumuntar mata da ta maza suna iya riƙe asusun taimako da littafi a buɗe da ma'aji amintacce. Membobin da suka san lissafi suna iya zama da iyali a asirce su taimake su tsara biya. Fasto kuma ya zama wanda za a iya kawo wa irin wannan kuka ba tare da an ji shi a wa'azin Lahadi ba.

Kammalawa

Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunan matar ba, bai kuma faɗi yawan abin da ya rage mata ba. Ya nuna dai cewa 'ya'yanta sun kwana a gida, an kuma sami abin biyan mai bin bashi haƙƙinsa. Allah ya yi abin da ya fi ƙarfinta, ita kuma ta yi abin da ke hannunta: ta faɗi gaskiya, ta yi aiki, ta biya, ta auna saura. Iyalin da ke cikin bashi a yau suna iya farawa a daren nan da takarda ɗaya da addu'a. Waɗanda suka riga suka fita kuma su tuna cewa umarnin bai ƙare a kan biya ba.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me ya sa miji ko mata sukan ɓoye wa juna bashi, kuma wace ɓarna wannan yake jawowa?
2. Mene ne bambancin aron tuluna da matar ta yi da rancen da ake ci a biya wani rance?
3. Waɗanne al'adun biki da biso ne suka fi jefa iyalai cikin bashi a wannan yanki, kuma me majalisar ikilisiya za ta iya yi a kai?
4. Ta yaya iyaye za su koya wa yara tsimi ba tare da sun koya musu rowa ba?

Abin Addu'a

A yi addu'a domin gwauraye da marayun da aka bar wa bashi, da manoman da suka yi hasarar amfanin gona, da matasan da caca da rancen waya suka kama. A roƙi Ubangiji ya ba masu bashi gaskiya da jimiri, ya ba masu bin bashi jinƙai, ya ba kowane gida wadar zuci.